Anti, an ce matattu da ciyayi sun ɗauke min hankali

Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, shekarata 41, yarana huɗu. Tun ina ƙarama abu uku ne suke faranta min rai, karatun tarihi, bin salsalar danginmu, da shuke-shuke. Duk tukunyar da ta fashe a gidan nan sai na zuba mata ƙasa na shuka wani abu, littafi kuwa in na kama na tarihi har mantawa nake da dare ya yi. Shekara biyu kenan ina rubuta sunayen kakanninmu a wani littafi, kuma kusan duk abin da na samu daga bakin Gwaggona ne, yayar mahaifina, ta haura tamanin yanzu kuma ta fara mantuwa. Matsalar ita ce an yanke shawarar sayar da gidan kakanmu a raba gado, kuma mai sayen ya ce zai sare mangwaron da kakan ya shuka da hannunsa, da wani rumman na kakarmu da ke gefensa. Ina cikin wannan baƙin cikin sai Gwaggo ta ce min wai kafin kakarmu, kaka ya taɓa auren wata mata har ta haifi ɗiya mace, da aka rabu uwar ta tafi da ita, ba a sake zancenta ba. Na tambayi Baffa, ya rufe ni da faɗa, wai tone-tone nake, zan haɗa husuma a dangi. Maigidana kuma ya ce matattu da ciyayi sun fi shi da yaransa daraja a wajena. Anti na rasa ta inda zan kama, har na fara tunanin in ƙona littafin in huta. Laifi nake yi ne?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ajiye ashanar nan, kar ki ƙona littafin. Ko da kin ƙare karanta amsata kin ga ban faɗi komai mai amfani ba, toh wannan ɗayan dai ki riƙe min shi, saboda fushin Baffa zai huce, maganar maigida ma za ta wuce, amma abin da Gwaggo ta faɗa miki cikin shekara biyun nan in ya zama toka babu inda za ki je ki sake samo shi.

Batun ko laifi kike yi, a'a. Ba zan daɗe a nan ba don ni a ganina ba ita ce ainihin damuwarki ba. Bin nasaba ilimi ne da manyan malamai suka ƙarar da rayuwarsu a kai, irin su Hisham ɗan al-Kalbi wanda ya tattara nasabar ƙabilun Larabawa tun sama da shekara 1,200 da suka wuce, kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ke cewa mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. A ƙasar Sin zuri'ar Konfushiyas, wani shahararren masaninsu na zamanin da, sun riƙe jerin sunayensu sama da zuriya 80, da suka sabunta kundin a 2009 sunaye sama da miliyan 2 ne a ciki. Shuka kuwa kin san falalarta ba sai na faɗa miki ba, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da kika shuka sadaka ne. Don haka ki cire wannan nauyin daga ƙirjinki.

Abin da ya rikita ki shi ne komai ya zo miki lokaci ɗaya, Gwaggo, bishiya, Baffa, maigida, sai kika ga kamar duk gobara ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Kowanne da nasa agogon, wani saura kaɗan ya buga, wani kuma zai jira ki shekara goma bai gaji ba. Littattafan tarihin da kike so suna nan, takardu ma mafi yawansu suna nan, wasu ma sai an daɗe ake buɗe su, a Amurka sai ƙidayar jama'a ta cika shekara 72 ake sakin sunayen da ke ciki, a Ingila shekara 100, shi ya sa ta 1921 sai a 2022 mutane suka samu ganinta. Amma ƙwaƙwalwar tsohuwa mai shekara tamanin da ta fara mantuwa ba ta jiran kowa. Ita ce ta farko, sai bishiyar, sauran su biyo baya.

Ina faɗa miki wannan ne da ciwo a raina. Kakata ta wajen uwa ta zauna da mu shekaru, kullum tana ba da labari, ni kuma kullum ina cewa wata rana zan zauna in rubuta, ina ganin kamar tana nan har abada. Yau in aka tambaye ni sunan mahaifiyarta ban sani ba, kuma duk wanda zan tambaya ya riga mu gidan gaskiya. Suna ɗaya fa, wanda da tambaya ɗaya zan samu. Har yanzu in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min wuya. Ke kin fi ni, kin fara, toh kar ki tsaya.

Ga yadda nake so ki yi da Gwaggo. Daina dogara da biro kawai, ki naɗi muryarta da waya, amma ki nemi izininta tukuna, ki faɗa mata don jikoki ne, kar ki ɓoye wayar a ƙarƙashin mayafi, amana ce. Ki je mata a lokacin da kika lura hankalinta ya fi zama, tsofaffi da yawa da safe ne, kuma kar ki wuce minti 30 zuwa 40, gara ki je sau goma gajere-gajere da ki je sau ɗaya ki gajiyar da ita. A farkon kowane naɗi ki faɗi ranar da sunan wanda ke magana da bakinki, nan da shekara ashirin za ki gode wa kanki. Sannan kar mantuwarta ta karya miki gwiwa. Yawanci sabon abu ne yake fara gudu, tsoho ya fi daɗewa, za ki ga ta manta wanda ya zo gaishe ta jiya amma ta tuna sunan ƙawarta ta ƙuruciya da launin ƙofar ɗakinsu. Abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa shi ya fi zama daram, kuma daidai wannan lokacin ne kike buƙata.

Kar ki tambaye ta shekara. In kika ce Gwaggo a wace shekara aka yi kaza, za ta rikice ta ji kunya ta yi shiru. Ce mata lokacin an haifi wane ko ba a haife shi ba, ke kin yi aure lokacin ko kina gida, wa ya riga wa rasuwa. Daga baya ke ki zauna ki auna da abin da kika san ranarsa tabbas. Ki tafi mata da tsofaffin hotuna ki bar ta ta nuna da yatsa, ke ki rubuta a bayan hoton da fensir mai laushi, ba biro ba don tawada tana huda takarda ta ɓata fuska. In ta kauce hanya ta shiga wani labari daban kar ki dawo da ita, sau da yawa a kaucewar nan ake tsintar abin da ba a ma san za a tambaya ba. In ta maimaita labarin da ta ba ki sau biyar ki sake saurara kamar yau kika fara ji, wani lokaci a na shidan ne sabon suna yake faɗowa. Kuma dan Allah in da hali, tun ba a miƙa makullin gidan nan ba, ki ɗauke ta ki kai ta ta zauna ƙarƙashin mangwaron. Wuri da ƙamshi suna buɗe ƙwaƙwalwa fiye da duk wata tambaya, murza mata ganyen a hannu ta shaƙa, ki kunna wayar ki yi shiru. Ki tambaye ta matan gidan musamman, uwar wane, kakar wane, daga wane gida aka auro ta, domin a wurare da yawa a duniya sunayen mata ne suke fara zubewa daga jerin nasaba, ko kundin Konfushiyas ɗin da na ambata sai a 2009 aka fara sa mata a ciki.

Yanzu bishiya, kuma a nan ina da albishir. Gidan ba naki ba ne ke kaɗai, ba ki da ikon hana sayarwa, ba ki da ikon hana mai saye sare abin da ya saya. Amma bishiyar kanta za ki iya ɗauke ta ki tafi da ita, ba wasa nake ba. Kuskuren da mutane suke yi shi ne su tsinci ƙwallon su shuka su ce sun ajiye bishiyar kaka. Abin da ke fitowa daga ƙwallo ɗa ne, rabinsa na uwa rabinsa sau da yawa na wata bishiyar da ƙwari suka ɗauko garin furenta, yana iya kama da uwar yana iya bambanta, kamar dai yadda ke ba Gwaggo ba ce duk da jininku ɗaya. Akwai irin mangwaron da ƙwallonsa ke fito da uwar sak, amma ba za ki so ki jira shekara 6 ko 8 kafin ki gane naki ba irinsa ba ne. Abin da ke kawo bishiyar ita kanta shi ne aure. A yanko reshe daga jikinta a ɗaura a kan wani ƙaramin dashe, abin da zai toho daga saman ɗaurin nan ita ce dai bishiyar da kakanki ya shuka, a kan sabuwar saiwa.

In kina shakka ki duba labarin fiyar nan da ake kira Hass wadda ta cika kasuwannin duniya. Wani ma'aikacin gidan waya ne mai suna Rudolph Hass ya shuka ta a Kalifoniya a 1926, ya yi mata rajista a 1935, uwar bishiyar ta mutu da ciwon saiwa aka sare ta a 2002, amma miliyoyin bishiyoyin Hass da ke duniya yau duk daga rassanta aka yi ta aurarwa. An sare ta, ba ta ƙare ba. Haka tuffar da ke gidan su Isaac Newton a Woolsthorpe ta Ingila, an ɗebi rassanta an kai jami'o'i a ƙasashe da dama.

Toh ki nemi mai lambun da hannunsa ya faɗa da auren itatuwa, kar ki ce za ki koya a kan wannan bishiyar, ba ki da damar gwaji. Ki tanadi ƙananan dashen mangwaro masu kaurin fensir, kamar 'yan wata shida zuwa shekara. A jikin tsohuwar bishiyar a zaɓi ƙarshen reshe mai lafiya wanda ya ƙosa, idonsa ya kumbura yana shirin toho, shi ma kaurin fensir, tsawon santimita 10 zuwa 15. Masu yi sukan cire ganyen kamar mako ɗaya kafin yanka don idon ya ƙara cika. In an yanko a naɗe shi a tsumma mai laima a sa a leda a ɓoye daga rana, kuma a ɗaura a ranar ko washegari, ba abin ajiya ba ne. Wuƙa ko reza ta zama mai kaifi da tsabta, a daidaita ɓawo da ɓawo a ɗaure tamau, cikin mako 3 zuwa 4 za ki ga ko ya kama. Ki yi goma, kar ki yi ɗaya, saboda ba duka ke kamawa ba ko a hannun gwani. Wanda ya kama yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin ki dinga cire shi, na dashen ne ba na kaka ba, in kika bar shi zai rinjayi na saman. Ki tsinci ƙwallon ma ki shuka don ko ba komai ɗan bishiyar ne, amma shi kar ki ajiye shi, ƙwallon mangwaro makonni kaɗan yake yi ya mutu, ba kamar ƙwallon dabino ba da aka tono wani mai shekara kusan 2,000 a tsohon sansanin Masada da ke Isra'ila aka shuka a 2005 kuma ya tsiro.

Rumman ɗin kakarku ya fi sauƙi, wannan ke da kanki za ki iya. Yanko rassa masu kaurin fensir, santimita 20 zuwa 25, ki cire ganyen ƙasa, ki soka kashi biyu cikin uku a ƙasa mai rairayi, ki lura kar ki juya kan ƙasa, ki ajiye a inuwa ki dinga ba shi laima ba tare da ya jiƙe jagwab ba. Ki yi haƙuri da shi, kar ki dinga tuge shi kina duba ko ya yi saiwa. Kuma ki nemi izini kafin ki taɓa ko reshe ɗaya, in gidan bai fita hannu ba ki tambayi Baffa, in ya fita ki tambayi mai saye, da wuya mutum ya hana ki reshen bishiyar da zai sare. Ni da ni ce ma, dashen farko da ya kama Baffa zan kai wa. Mahaifinsa ne fa ya shuka ta, ya girma a inuwarta kafin a haife ki, kar ki ɗauka shi ba ya jin komai don bai faɗa ba.

Sai mu zo kan maganar da ta fi nauyi, ɗiyar nan. A nan ba zan lallashe ki ba ƙanwata, kin yi gaggawa. Magana ce daga bakin mutum ɗaya, tsohuwa mai mantuwa, kika ɗauka kika kai wa mutumin da yake tsakiyar rabon gado, dole ya ji kamar zargi ne. Wataƙila bai sani ba sam, ƙila yana yaro ko ba a ma haife shi ba. Wataƙila ya sani amma a gidan an rene shi a kan ba a zancen. Wataƙila kuma Gwaggo ta haɗa labarin mutum biyu, wannan yana faruwa sosai a dangin da ake maimaita suna, kaka da jika takwara, bayan shekaru sai labarinsu ya narke ya zama na mutum ɗaya. Duk mai bin nasaba ya san wannan ramin.

Amma kuma ba zan ce miki ki binne maganar ba, kuma ina so ki gane dalili. Sirrin dangi iri biyu ne. Akwai wanda aibin mamaci ne kawai, wane ya yi kaza a ƙuruciya, wance an sake ta saboda kaza, wannan babu wanda zai ƙaru da fitarsa, rufe shi shi ne mutunci, ko kin rubuta ki ajiye shi inda ba kowa ke gani ba. Akwai kuma wanda haƙƙin wani mai rai yake ciki. In da gaske kakanku yana da ɗiya kuma tana raye lokacin da ya rasu, toh maganar ta wuce sha'awarki ta tarihi, ta zama maganar rabon wani da za a raba a ci ba da saninsa ba, kuma ko ta rasu daga baya tana iya barin 'ya'ya. Wannan ba hukuncina ba ne ba kuma naki ba, na masu ilimin gado ne, aikinki kawai ki tabbatar ko akwai ta, sannan ki miƙa wa wanda ya dace.

Tabbatarwar kuma a hankali ake yinta. Ki sake tambayar Gwaggo a ranaku daban-daban ba tare da kin sa mata amsa a baki ba, kar ki ce ai kin ce min kaka ya auri wata, ce mata Gwaggo kafin kaka ya auri mamarku yaya rayuwarsa take, ki ga ko labarin zai dawo da kansa kuma ko sunaye za su zo iri ɗaya. Ki nemi mutum na biyu da ba a bakin Gwaggo ya ji ba, tsohon maƙwabci, wata tsohuwa daga dangin kakarku, abokin kaka in akwai mai rai. Mutum biyu da suka ji daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce, ki riƙe wannan. In kin samu sunan matar da inda ta koma, da shaida biyu masu zaman kansu, sai ki je wajen mahaifinki in yana raye, ko wani babba a dangi da Baffa ke jin nauyinsa, a keɓe, ki ce ga abin da na ji ga kuma inda na ji, na kawo muku ne don kar mu ci haƙƙin wani. Shi kenan, ki tsaya a nan. Kar ki kai shi zauren WhatsApp na dangi, maganar da ta shiga can ba ta da linzami. In kuma kin bincika ba ki samu komai ba, ki rubuta a littafinki cewa Gwaggo ta faɗa a rana kaza, ban samu mai tabbatarwa ba, ki bar shi haka. Gwajin jini na DNA da ake ta talla kar ki fara da shi, ba ya ba da suna sai in ɗaya ɓangaren ma ya yi gwajin, kuma yana iya fito da abin da ba ki tambaya ba wanda ba za ki iya mayarwa ba.

Wannan salon rubutun nake so ki bi a duk littafin, ba kan ɗiyar kaɗai ba. Kowane suna ki sa a gefensa wa ya faɗa miki, yaushe, da idonsa ya gani ko ji ya yi. Abin da kika gani a takarda daban, abin da aka faɗa miki daban, abin da ke kika yi hasashe daban. Tunda ke mai son tarihi ce ga wani ma'auni da Ibn Khaldun ya bayar a littafinsa Muƙaddima tun 1377, ya ce a lissafa kakanni uku a kowace shekara 100. In aka ce miki kakan-kakanku ya rayu shekara 300 da suka wuce amma sunaye biyar kawai ke tsakaninku, toh an tsallake wasu, ya kamata su kai tara ko kusa da haka. Baki yana riƙe na farko mai suna da na kusa-kusa, na tsakiya ne ke zubewa. Kuma ki shirya ranki, in kika yi nisa za ki tarar da wanda ba za a yi alfahari da shi ba. Iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, in kika hau hawa goma gurbi 1,024 ne, a hawa ashirin sun haura miliyan, babu gidan da duk waɗannan suka zama malamai da sarakuna. Mutum ɗaya da ake ta ambato a danginku ɗaya ne cikin taron nan, sauran ma da jininsu kike yawo.

Littafin kuma ki ɗauki hoton kowane shafi yau ɗin nan, ki yi fotokwafi ki ajiye a gidan wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, muryoyin ki kwafe su daga waya zuwa wani wuri na biyu da na uku. Na ce takardu suna jira, amma ba kullum ba, ƙidayar Amurka ta 1890 gobara ta lalata mafi yawanta a 1921, ta Ingila ta 1931 ta ƙone ƙurmus a 1942, gwamnatoci kenan balle littafi ɗaya a ƙarƙashin katifa. Kuma kar ki zuba ranar haihuwar masu rai da sunayen iyayensu mata a intanet, da irin waɗannan bayanan ɓarayi ke shiga asusun mutane.

Maigida. Maganarsa ta yi zafi, na sani, amma ki saurari abin da ke ƙarƙashinta. Bai ce tarihi banza ne ba, cewa ya yi sun fi shi daraja, wannan kukan mutumin da yake jin an bar shi ne a waje. Ke da bakinki kika ce in kin kama littafi har mantawa kike dare ya yi, toh tambayi kanki tsakani da Allah sau nawa ya shigo da magana a bakinsa ya tarar da ke a wani ƙarni. Ba cewa nake ki daina ba. Ki zaunar da shi ki faɗa masa gaskiyar lissafin, Gwaggo da bishiyar nan na 'yan watanni ne, ina roƙon ka yi min haƙuri a kansu, karatun dare kuma zan rage shi, sannan ki cika alƙawarin. Mutum yana iya jure abin da ya san ranar ƙarewarsa. Kuma akwai abin da na lura a wasiƙarki, kin ce danginmu, kakanmu, Gwaggona, ban ji kin ambaci nasa ba ko sau ɗaya, alhali yaranki huɗu rabin salsalarsu a wajensa take. Buɗe sabon shafi ki rubuta sunansa a sama, ki ce masa Baban yara faɗa min sunan kakanka na wajen uwa. Ina kyautata zaton zai tsaya ya yi shiru ya ga bai sani ba, ya ɗauki waya ya kira wata tsohuwa a danginsu. Yaran ma ki ba kowanne reshen rumman ɗaya a tukunyarsa, ki rubuta sunan kakar a jiki, shi zai dinga ba shi ruwa, babban cikinsu kuma ki tafi da shi wajen Gwaggo ya riƙe miki wayar.

Baffa kuwa ki je ki ba shi haƙuri a kan yadda kika kawo maganar, ba tare da kin ce ƙarya ce ba kuma ba tare da kin sake tayar da ita ba a ranar. Ki nemi izinin yankan reshe, in ya sake ki tambaye shi yadda aka shuka bishiyar da wanda ya fara hawa ya faɗo, ki bar shi ya ba da labari. Amma kafin duk wannan, gobe da safe ki caja wayarki ki tafi gidan Gwaggo, a hanya ki tambayi ranar da za a miƙa makulli don ki san kwana nawa suka rage wa mai lambu. In dashen ya kama ki rubuto min.